Idan Jini Ya Komo Bayan Yankewa: Yadda Ƙwayoyin Halitta Ke Mutuwa da Yadda Suke Sake Ƙera Kayansu

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa daɗewa zaune bisa tabarma, ya naɗe ƙafa ɗaya a ƙarƙashinsa, ya san abin da ke biyo baya. Ƙafar takan sage, ta yi nauyi kamar ba tasa ba. Sai ya miƙe, jini ya sami hanya, sa'an nan ya ji kamar ana tsira masa allurai tun daga tafin ƙafa har zuwa sha-raɓa. Cikin minti ɗaya ko biyu abin ya wuce, domin dannewar ba ta daɗe ba. To, idan ta kai awa huɗu ko shida fa?

Wannan tambaya ba ta cikin aji ba ce kaɗai. A garin Manga da ƙauyukan da ke kewaye da shi, cikin ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi, noma shi ne sana'ar yawancin jama'a, kuma daga faɗuwar damina zuwa girbin dawa akan gamu da hatsari iri-iri. Maciji ya sari manomi a ƙafa, 'yan'uwansa su ɗaure ƙafar tamau da igiya ko robar taya. Yaro ya faɗo daga bishiya ya karye, a yi masa ɗori a matse shi ƙwarai. Katangar ƙasa ta jiƙe da ruwan sama ta faɗo ta danne mutum, a daɗe ana tono. A duk waɗannan halaye wata gaɓa ta jiki tana rasa jini na tsawon lokaci, daga baya jinin ya komo. Hankali zai ba da cewa komowar jinin ita ce ƙarshen matsala. Binciken masana kuwa ya nuna cewa wani kaso na ɓarnar yana aukuwa ne a daidai lokacin da jinin ya komo. Wannan darasi zai bayyana dalilin haka.

Ƙwayar halitta da murhunta

Jikin baligi yana ɗauke da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30. Kowace ƙwaya tana kewaye da wani siririn tantani, kuma a cikinta akwai wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya. Su ne murhun ƙwayar. A nan ake ƙona abincin da jini ya kawo, tare da iskar oksijin, a samar da wani sinadari mai suna ATP, wanda da shi ƙwayar ke biyan duk wani aiki da take yi. Daga ƙwayar sukari guda, murhun kan fitar da ATP kimanin 30. Idan babu oksijin, ƙwayar tana da wata hanya ta gaggawa, amma ATP 2 kacal take samu, ga kuma wani tsami da ke taruwa a matsayin shara.

Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke cinye ATP shi ne wasu famfuna da ke jikin tantanin. Dare da rana suna fitar da gishirin sodiyam da kalsiyam waje, suna shigo da fotashiyam ciki. Muddin suna aiki, ƙwayar tana nan da girmanta da siffarta.

Lokacin yankewar jini

Da zarar jini ya yanke, abubuwa kan biyo juna kamar haka. Oksijin ya ƙare, murhu ya tsaya, ƙwayar ta koma kan hanyar gaggawa, tsami ya taru a cikinta. Don ta rage tsamin sai ta riƙa musanya shi da sodiyam daga waje. Famfon da ya kamata ya mayar da sodiyam ɗin waje ba shi da ATP, saboda haka sodiyam ya yi yawa, ruwa ya bi shi, ƙwayar ta kumbura. Kalsiyam ma ya sami ƙofa ya kutsa. A cikin murhun kuma wani makamashi mai suna saksinet yana ta taruwa, ba a ƙona shi ba.

Sassan jiki sun bambanta wajen juriya. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kan fara mutuwa bayan minti 4 zuwa 6. Na tsokar zuciya kan fara mutuwa bayan minti 20 zuwa 40. Tsokar hannu da ta ƙafa kan jure awoyi kaɗan, amma bayan kimanin awa 6 yawancinta ba ya farfaɗowa. Idan jinin bai komo ba sam, gaɓar duka za ta mutu ta ruɓe. Wannan ya kamata ya zauna a zuciyar mai karatu tun yanzu: komowar jini wajibi ce, babu wata hanyar tsira sai ita.

Komowar jini

A shekarar 1960 wani likitan Amurka, Robert Jennings, da abokan aikinsa suka toshe jijiyar da ke kai jini ga tsokar zuciyar karnuka, bayan wani lokaci suka buɗe. Da suka duba naman a madubin ƙara girma, sai suka tarar ƙwayoyin da jini ya komo musu sun kumbura sun yage cikin gaggawa, fiye da yadda ake gani a inda aka bar jijiyar a toshe. Daga nan aka shiga neman dalili, kuma an shafe shekaru ana haɗa amsar.

Misalin da zai kusanto da ita shi ne na murhun da iska ta ɗauke masa. Wutar ta lafa, sai hayaƙi, amma mai girki ta ci gaba da tura ƙirare har murhun ya cika. Kwatsam sai guguwa ta taso. Wutar za ta tashi gaba ɗaya, tartsatsi ya watsu, wani ya faɗa kan jinka. Haka ke faruwa a cikin mitokondiriya. Oksijin ya dawo ya tarar da saksinet tsibi, aka ƙone shi cikin 'yan mintoci, sai murhun ya riƙa zubar da wasu gutsattsarin oksijin masu kaifi, waɗanda ke ƙona duk abin da suka taɓa: kitsen tantani, furotin, har da kayan gado da ke cibiyar ƙwayar. Tun a 1981 Neil Granger da Joe McCord suka nuna hannun irin wannan tartsatsi a ɓarnar da ke samun hanji bayan komowar jini. A 2014 kuma masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka nuna cewa saksinet ɗin da ya taru shi ne babban makamashin wutar a zuciya da ƙwaƙwalwa da ƙoda.

Jiki yana da masu kashe wannan tartsatsi, wato wasu sinadaran kariya irin su katales, kuma a ranar lafiya sun wadatar. A mintocin farko na komowar jini ne ake fin ƙarfinsu.

Akwai abu na biyu. A jikin mitokondiriya akwai wata ƙofa da ba a so ta buɗe. Kalsiyam da tartsatsi suna tura ta, amma tsamin da ya taru lokacin yankewar jini yana riƙe da ita kamar sakata. Jini na komowa sai ya wanke tsamin nan da nan, sakata ta zare, ƙofa ta buɗe. Ruwa ya kwarara cikin murhun, ya kumbura ya fashe. Wato dai jinin da ya kawo ceto shi ne ya zare sakatar.

Abu na uku yakan zo bayan awoyi. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, sukan ji warin ɓarna su yi dafifi a wurin. Suna zubar da nasu tartsatsin kamar suna yaƙi da ƙwayar cuta, suna kuma maƙalewa a ƙananan jijiyoyi har su sake toshe su. Ƙananan jijiyoyin kan yi yoyo, gaɓar ta kumbura, kumburin ya sake matse hanyar jini. A gwaje-gwajen da aka yi da dabbobi, ɓarnar komowar jini takan kai kusan rabin naman zuciyar da ke mutuwa a ƙarshe.

Hanyoyin mutuwa

Ƙwayar halitta ba ta da mutuwa iri ɗaya. Ta farko ita ce mutuwar fashewa, wadda masana ke kira nekurosis. Ƙwayar takan kumbura har tantaninta ya yage, kayan cikinta su zube kan maƙwabta, wurin ya yi ja da zafi da kumburi. Kamar rumbu ne ya fashe a tsakar gida.

Ta biyu ita ce mutuwar tsari. A 1972 John Kerr da Andrew Wyllie da Alastair Currie, a Jami'ar Abadin ta Sikotilan, suka bayyana ta suka raɗa mata suna afoftosis, daga kalmar Girkanci da ke nufin kaɗewar ganye daga bishiya. A nan ƙwayar ce da kanta ke kwance kanta: ta tsuke, ta yayyanka kayan gadonta, ta ƙulle kanta cikin ƙananan ƙunshi, maƙwabta su haɗiye ba tare da kumburi ba. Ta wannan hanya ce wutsiyar talibamban ke ɓacewa idan zai zama kwaɗo, da ita ce kuma yatsun ɗan tayi ke rabuwa da juna a cikin mahaifa. Bayan komowar jini, mitokondiriyar da ta yi rauni takan saki wani furotin mai suna saitokurom si, shi kuma ya tayar da wasu sinadarai masu aikin almakashi, su aiwatar da kwancewar.

Mene ne ke zaɓa wa ƙwaya hanyar da za ta bi? Babban alƙali shi ne ragowar ATP. Mutuwar tsari aiki ce, tana bukatar ƙarfi. Ƙwayar da ke tsakiyar wurin da jini ya yanke, wadda ba ta da sauran komai, fashewa take yi. Wadda ke gefe, mai ɗan abin hannu, ita ce ke iya mutuwa cikin tsari, ko ma ta tsira. Saboda waɗannan na gefe ne likitoci ke tsere da lokaci.

Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa ko fashewar ma wani lokaci da tsarinta. A 2005 an bayyana wata fashewa da ƙwayar ke kunnawa da kanta, a 2012 kuma aka bayyana wata da ƙarfen da ke cikin ƙwaya ke haddasawa ta hanyar ɓata kitsen tantani. Duka biyun an same su a ƙoda da zuciya bayan komowar jini.

Maƙerar cikin ƙwaya

Maƙeri ba ya zubar da tsohuwar fartanya. Yakan sa ta a wuta ya fitar da lauje ko wuƙa. Ƙwayar halitta ma tana da maƙerarta. A 1955 Christian de Duve, ɗan ƙasar Beljiyam, ya gano wasu 'yan jakunkuna a cikin ƙwaya masu cike da sinadaran narkarwa, aka kira su laisosom. A 1963 ya raɗa wa aikin da ƙwaya ke yi na narkar da kayanta suna otofaji, wato cin kai, kuma a 1974 ya sami kyautar Nobel. Yadda aikin ke gudana bai fito sarari ba sai a farkon shekarun 1990, lokacin da Yoshinori Ohsumi na Japan ya hana ƙwayoyin yisti abinci, ya zauna yana kallonsu a madubin ƙara girma. A 1993 ya bayyana ƙwayoyin gado 15 da ke tafiyar da aikin. Shi ma ya sami kyautar Nobel a 2016.

Aikin yana da mataki uku. Na farko, ƙwayar ta saƙa wani tantani mai ruɓi biyu ta kewaye abin da ya lalace, ko tsohon furotin ko mitokondiriya sukutum, ya zama ƙunshi. Na biyu, ƙunshin ya haɗe da laisosom. Na uku, a narkar da abin da ke ciki, a mayar wa ƙwayar da ɗanyen kayan ta yi sabon gini ko ta ƙona.

A lokacin yankewar jini wannan maƙera taimako ce babba. Ƙwayar da ke cikin yunwa tana narkar da abin da za ta iya rayuwa ba shi, ta sami ɗan ƙarfi. Ta kuma kwashe murhun da ya tsage kafin ya fara zubar da tartsatsi ko ya saki saitokurom si. Bayan komowar jini ne lamarin ya rikitar da masana. A 2007 masu bincike a Amurka, ƙarƙashin Junichi Sadoshima, suka ga cewa ɓerayen da aka rage musu ƙarfin yin otofaji sun fi samun sauƙin ɓarna a zuciya bayan komowar jini, kamar dai aikin da ya yi taimako da farko ya juya ya zama illa. A 2012 wasu masu binciken suka kawo ƙarin haske: tartsatsin yana lalata matakin haɗewar ƙunshi da laisosom. Ƙunshi na ta ƙaruwa, ba a narkarwa. A kwatanta da maƙerar da zugazuginta ya lalace, amma 'yan tsintar ƙarfe ba su daina kawo buhuna ba. Ba a jima ba wurin zai cika har a rasa inda za a taka. Darasin da masana suka ɗauka shi ne, yawan ƙunshi a madubi ba shi ke nuna lafiya ba, sai an tabbatar kayan suna shiga wuta suna fita.

Daga gaɓa zuwa sauran jiki

Ɓarnar ba ta tsayawa a gaɓar da aka danne. A 1941, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan, likitoci biyu, Eric Bywaters da Desmond Beall, suka ba da labarin mutum huɗu da aka zaƙulo daga ƙarƙashin gini bayan awoyi. An fito da su suna magana, kamar ba abin da ya same su. Daga baya gaɓoɓinsu suka kumbura, fitsari ya yi duhu ya ragu, cikin kimanin mako guda duk suka rasu. Dalili shi ne, jinin da ya komo ya kwaso abin da ya zube daga matacciyar tsoka ya zaga da shi. Fotashiyam mai yawa yana rikita bugun zuciya, har ya iya tsayar da ita. Jan furotin na tsoka kuma yana toshe ƙananan bututun ƙoda. Shi ya sa masu ceto na yau ke ƙoƙarin sa wa wanda aka danne ƙarin ruwa ta jijiya tun kafin a gama ɗage abin da ya danne shi.

Amosanin jini

Babu inda wannan darasi ya fi kusa da gidajen Nijeriya kamar a ciwon amosanin jini, wato sikila. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasar suna ɗauke da gadonsa, kuma ana ƙiyasta cewa jarirai kimanin 150,000 ake haifa da shi a kowace shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya. Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila sukan lanƙwashe kamar lauje idan oksijin ya yi ƙasa, su toshe ƙananan jijiyoyi, daga baya hanyar ta buɗe. Toshewa da buɗewa ke nan, sau da yawa, shekara da shekaru. A 2000 Dhananjay Kaul da Robert Hebbel suka rage wa ɓeraye masu jinin sikila oksijin, sa'an nan suka mayar musu. Fararen ƙwayoyin jini suka yi ta maƙalewa a jijiyoyinsu, abin da bai faru ga ɓeraye masu lafiya ba. Wannan maimaicin rauni yana daga cikin dalilan da ke sa saifa ta tsuke tun ana yaro, kan ƙashin cinya ya lalace, ƙoda ta yi rauni. Sanyin hunturu da ƙarancin ruwa a jiki da zazzaɓin cizon sauro duk suna tayar da toshewar. Malamin da ya bar ɗalibi mai sikila ya sha ruwa a aji, ya sa rigar sanyi, ya kuma ɗauke masa aikin wahala cikin rana, ya rage masa zagaye ɗaya na wannan ɓarna.

Ina aka kwana wajen magani?

A 1986 Charles Murry da Jennings da Keith Reimer suka toshe jijiyar zuciyar karnuka na minti 5, suka buɗe na minti 5, har sau huɗu, kafin su toshe ta na minti 40. Naman da ya mutu bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na wanda ya mutu a karnukan da ba a yi wa wannan share fage ba. Ashe ƙwaya tana iya ɗaura ɗamara idan ta sami gargaɗi. Sai dai mayar da wannan ilmi magani ya yi wuya. A 2015 an gwada maganin saikulosforin, wanda ke riƙe ƙofar mitokondiriya, a kan ɗaruruwan masu bugun zuciya a Turai, bai rage mace-mace ba. Abin da ya tabbata shi ne gaggawa da sanyi. Sanyi yana rage cin murhu, don haka ƙodar da za a dasa wa wani ake wanke ta da ruwa na musamman a ajiye ta a ma'aunin sanyi kimanin 4. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ya fara dashen ƙoda a 2002, yana cikin wuraren da ake aiki da wannan ilmi a Arewa.

Abin da ya kamata a sani a gida

Saran maciji: kada a ɗaure gaɓar tamau. Ɗaurin ba ya kashe dafi, yana dai ƙara yankewar jini a kan ɓarnar dafin, garin gyaran gira a rasa ido. A cire zobe da munduwa, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi. Idan an riga an ɗaure kuma an daɗe, a bar ma'aikatan asibiti su kwance, domin kwancewa farat ɗaya na iya tura dafi da fotashiyam zuwa zuciya.

Karaya: tun a 1881 likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana yadda matsattsen ɗauri ke kashe tsokar hannu, yatsu su ƙanƙance har abada. Idan bayan ɗori zafi ya riƙa ƙaruwa, yatsu suka yi sanyi ko suka sage ko suka sauya launi, a sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti. Kada a jira wayewar gari.

Dannewa: wanda katanga ko rijiya ko mota ta danne na tsawon lokaci, a kai shi asibiti ko da ya tashi da ƙafarsa. Fitsari mai launin baƙin shayi, ko raguwar fitsari, alama ce ta haɗari.

Zubar jini: idan jini na tsartuwa daga gaɓa kuma dannawa da ƙyalle bai tsayar da shi ba, a nan ɗauri yana ceton rai. A riƙe lokacin da aka ɗaura, a gaya wa likita.

Kammalawa

Yankewar jini ita ce ke tara makamashi, komowarsa ke kunna wutar, kuma girman wutar ya danganta da tsawon yankewar. Ƙwayar da ta rasa komai takan fashe, mai ɗan ƙarfi takan kwance kanta, wadda maƙerarta ta ci gaba da aiki kuwa tana iya tsira. Tsakanin sagewar ƙafa bisa tabarma da yanke ƙafa a asibiti, bambancin awoyi ne. Ɗalibin da ya fahimci haka yana iya zama dalilin tsirar hannun ƙanensa ko ƙafar mahaifinsa.

Aikin aji

1. A danna farcen babban yatsa har ya yi fari, a saki, a ƙirga daƙiƙun da jan launi zai ɗauka kafin ya komo. Ga mai lafiya ba ya wuce daƙiƙa 2. Kada malami ya bari ɗalibai su ɗaure yatsa da roba ko zare.

2. A sami ɗanyar hanta da dafaffiya, a sa kowace a kwalba, malami ya ɗiga musu ruwan haidirojin feroksaid na wanke ciwo. Wacce ta yi kumfa? Me wannan ke nunawa game da katales da kuma tasirin zafi a kansa?

3. A bayyana dalilin da ya sa tsamin da ke taruwa a ƙwaya yake zama illa ta wata fuska, kariya ta wata fuskar.

4. A kawo bambanci uku tsakanin mutuwar fashewa da mutuwar tsari.

5. An kawo wani manomi da aka ɗaure wa ƙafa tun hantsi saboda saran maciji, ga shi la'asar ta yi. Me ya sa bai kamata a kwance ɗaurin a hanya ba?